HARUNA TAZIYEF (1914–1998): MUTUMIN DA YA LEƘA BAKIN DUTSE MAI AMAN WUTA

Gabatarwa

A cikin watan Satumba na shekarar 2016 ƙasa ta yi girgiza a garin Kwoi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna. A lokacin ina ɗalibin sakandare, kuma ina gida a Fadan Kagoma, wadda ke kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi. Kafin a ce me, labari ya game garinmu. Wasu suka ce wani dutse ne zai fashe ya yi aman wuta, wasu suka ce ƙasa ce za ta tsage ta haɗiye gidaje, wasu kuwa suka ce babu komai, kowa ya koma ya kwanta. Kakata ta ƙi kwana a ɗaki, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu ma dole muka bi ta. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga wannan dare shi ne tambaya guda: idan ƙasa ta motsa, maganar wa ya kamata a ji? Ta mai cewa a gudu, ko ta mai cewa a zauna?

Bayan na shigo jami'a na ci karo da labarin wani masani wanda ya ƙare rayuwarsa yana amsa irin wannan tambaya. Sunansa ne ya fara jan hankalina, domin Faransawa na rubuta shi Haroun Tazieff, wato dai Haruna, sunan da ko a ajinmu akwai masu shi. Hausa ba harshen uwa ba ne a gare ni, a kasuwa da makaranta na koye ta, saboda haka nakan so in gwada ta a fagen da ba a saba kai ta ba. Wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin kawo tarihin wannan bawan Allah, da yadda ya yi nazarin duwatsu masu aman wuta ta hanyar zuwa wurinsu da ƙafarsa, da inda wannan hanya ta fisshe shi, da kuma inda ta gaza.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Haruna Taziyef ranar 11 ga watan Mayu, 1914, a birnin Warso, wanda a yau shi ne babban birnin ƙasar Foland, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa likita ne Musulmi, ɗan ƙabilar Tatar, wannan ne ma asalin sunan Haruna. Ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya tun ɗan yana ƙarami ƙwarai. Mahaifiyarsa 'yar Foland ce, mai ilimin kimiyyar haɗa sinadarai. Ita ce ta yi ta fama da shi cikin hargitsin yaƙi da juyin juya halin Rasha, har suka isa ƙasar Beljiyam tun yana yaro. A can ta auri wani marubucin waƙoƙi kuma malamin jami'a mai suna Robert Vivier, a hannunsa yaron ya tashi. Haruna ya daɗe ba shi da takardar zama ɗan kowace ƙasa, sai a 1936 aka ba shi ta Beljiyam.

A samartakarsa ya yi dambe, ya yi ƙwallon zari-ruga, ya kuma shaƙu da hawan duwatsu. Waɗannan wasanni sun gina masa jikin da daga baya ya yi masa rana. Ya fara karanta ilimin aikin gona a garin Jambulu, inda ya kammala a 1938. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya shiga cikin masu yaƙin sunƙuru da ke yi wa 'yan mamaya zagon ƙasa, yana kuma karatun ilimin sanin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Liyej, wanda ya gama a 1944.

Yana da kyau mai karatu ya lura cewa har zuwa wannan lokaci, yana da shekara talatin a duniya, babu abin da ya haɗa Haruna da dutse mai aman wuta. Abin da ya koya shi ne yadda ake karanta dutsen da ya riga ya huce tun shekaru miliyoyi.

Zuwansa Afirka

Bayan yaƙi ya tafi Kwango, wadda a lokacin Beljiyam ke yi wa mulkin mallaka. Aikinsa na farko a ma'adinan kuza ne a lardin Katanga, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos da Bukuru. Daga nan ya koma ma'aikatar binciken ƙasa ta gwamnati, aka tura shi yankin Kibu da ke gabashin ƙasar. Wannan yanki ne ke da jerin duwatsun Birunga, waɗanda biyu daga cikinsu, Nyamuragira da Nyiragwango, suna cikin mafiya yawan aman wuta a duk nahiyar Afirka.

A shekarar 1948 ƙasa ta tsage a gefen Nyamuragira, narkakken dutse ya yi ta feshi sama, tarkacensa na zubowa yana taruwa har ya gina sabon tudu, wanda aka sa wa suna Kituro. Aka aika Haruna ya je ya gani. Ya yi makonni yana kewaya wurin, yana hawa har gefen ramin, duwatsu masu zafi na faɗowa dama da hagu. Wannan gani shi ya sauya masa alƙibla. Ya gane cewa abin da malamai ke koyarwa a aji game da yadda dutse ke samuwa, ga shi nan yana faruwa a gaban idonsa, kuma masanan da suka taɓa tsayawa kusa su auna shi yana kan faruwa ba su da yawa. A 1951 ya wallafa littafinsa na farko cikin Faransanci, mai suna Cratères en feu, wato ramukan duwatsu masu ci da wuta, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama.

Dutsen da ya fi ɗaukar masa rai shi ne Nyiragwango, mai tsayin kimanin mita 3,470, wanda ke kallon birnin Goma. A cikin ramin bakinsa akwai wani abin al'ajabi, wato tafki na narkakken dutse, ja wur, yana tafasa dare da rana. Hukumar gandun dajin da dutsen ke ciki ta daɗe tana hana masu bincike shiga, sai a 1958 da 1959 ya sami ikon jagorantar ayarin masana suka sauka cikin ramin da igiyoyi. Bai kamata a manta ba cewa tantuna da abinci da na'urorin waɗannan tafiye-tafiye a kan 'yan dakon yankin suka hau dutsen, mutanen da tarihi bai cika ambaton sunayensu ba.

Yadda Yake Gudanar da Aikinsa

Kafin mu ci gaba, bari in ɗan yi bayanin abin da ake zuwa nema a bakin dutse, tun da mu ɗaliban harshe ne. Can cikin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narka dutse ya zama kamar kunu mai kauri. A cikin wannan narkakken dutse akwai iska iri-iri da ta narke a ciki, kamar tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid da iskar farar wuta. Muddin yana can ƙasa, nauyin da ke kansa yana danne iskar. Idan ya taso sama, nauyin ya ragu, sai iskar ta nemi hanyar fita. In narkakken dutsen mai ruwa-ruwa ne, iskar kan fita cikin sauƙi, shi kuma ya malala kamar kogi. In kuwa mai kauri ne ainun, sai ya riƙe iskar har ta fi ƙarfinsa, ta tarwatsa shi ya zama toka da tsakuwa. Ashe ke nan iska ita ce ke tuƙa aman wuta.

Wannan ne ya sa Haruna ya dage a kan cewa wanda ke son sanin abin da dutse zai yi, to ya ɗebo iskarsa tun daga mafitarta, kafin ta gauraya da iskar sarari. Shi da abokan aikinsa sukan sa tufafi masu ƙyalli da ke mayar da zafi, su ɗora hular kwano, su matsa kusa da kafar da iskar ke fita, su zura bututu su tara ta a kwalabe na musamman. Sukan kuma auna zafin narkakken dutsen, wanda kan kai maki 1,000 a ma'aunin Selsiyas ko fiye, su auna saurin fitar iskar, su ɗebi toka a kai ɗakin gwaji. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to wannan karin magana kamar don shi aka yi ta.

Bugu da ƙari, Haruna bai bar abin da ya gani a cikin mujallun masana kaɗai ba. Ya riƙa tafiya da na'urar ɗaukar fim. Fim ɗinsa na 1959, Les Rendez-vous du diable, ya nuna wa jama'a aman wuta daga kusa yadda ba su taɓa gani ba. Na 1966 kuwa, Le Volcan interdit, wato dutsen da aka haramta, wanda ya shafi Nyiragwango, har ya shiga jerin masu takarar lambar Oska. Ta haka ya zama sananne a gidajen Faransa, ana gane muryarsa da zarar ya buɗe baki, saboda yadda yake kaɗa harafin r ba irin na mutanen Faris ba. Wannan ya ƙara mini son sa, domin ni ma da na yi magana Bakano kan gane daga inda na fito. A 1971 ya zama ɗan ƙasar Faransa.

Binciken Yankin Afar

Daga shekarar 1967 Haruna ya jagoranci tafiye-tafiyen bincike tare da masanan Italiya da Faransa, irin su Giorgio Marinelli da Franco Barberi da Jacques Varet, zuwa yankin Afar da ke arewa maso gabashin Habasha. Wuri ne mai tsananin zafi, hamadar gishiri da baƙin dutse, wani sashensa ma yana ƙasa da matakin teku. A can suka yi nazarin dutsen Erta Ale, wanda shi ma yake da tafkin narkakken dutse, suka zana taswirar duwatsun yankin, suka tattara samfura.

Abin da suka nuna shi ne cewa duwatsun Afar sun yi kama da waɗanda ke ƙarƙashin teku, kuma ƙasar wurin tana rabewa a hankali, yankin Larabawa na janyewa daga Afirka. Wato dai a Afar mutum na iya tsayawa a kan tudu ya ga yadda ake haihuwar teku. Wannan aiki ya zo daidai lokacin da masana ke karɓar ra'ayin cewa ɓawon duniya faranti-faranti ne masu motsi, kuma da yawa suna ganin shi ne mafi nauyin gudummawar da Haruna ya bayar a kimiyya. Mu ma a Nijeriya muna da irin wannan tsaga, wato kwarin Binuwai, wanda ya fara buɗewa sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, sai dai namu ya tsaya bai zama teku ba.

Rikicin Dutsen Sufriyer

Yanzu mun zo kan tambayar da na fara da ita. Gwadalup tsibiri ne mallakar Faransa a tekun Karibiyan, kuma akwai dutse a cikinsa mai suna Sufriyer. A ranar 8 ga Yuli, 1976, bayan watanni ana jin ƙananan girgizar ƙasa, dutsen ya fashe ya watsa toka a kan garuruwan da ke gindinsa. Hankalin kowa ya tashi, kuma da dalili, domin a 1902 dutsen Pele na tsibirin Martinik, maƙwabcinsu, ya aiko da gajimaren toka mai ƙuna ya hallaka kimanin mutum 28,000 a birnin San Piyer cikin 'yan mintoci.

A lokacin Haruna ne shugaban sashen nazarin duwatsu masu aman wuta a cibiyar kimiyyar ƙasa ta Faris. Ya je ya hau dutsen, mutanensa suka auna iskar da ke fita. Hukuncinsa shi ne cewa narkakken dutse bai taso kusa ba. A ganinsa ruwan da ke cikin dutsen ne ya yi zafi ya zama tururi yana fasa tsofaffin duwatsu, kamar yadda murfin tukunya ke tsalle idan ruwa ya tafasa. Ya ce babu dalilin kwashe jama'a, kuma in abin zai sauya za a ga alamu a kan lokaci. Daga nan ya bar wasu daga cikin mutanensa a wurin, ya tafi wani aiki a ƙasar Ikwado.

A bayansa girgizar ta ƙaru. Wasu masanan suka duba tokar suka ce sun ga ɓurɓushin sabon gilashi a ciki, alamar cewa narkakken dutse ya kusa fitowa. A ranar 15 ga Agusta hukuma ta ba da umurnin kwashe mutane fiye da 70,000, har da mazauna Bas-Ter, babban birnin tsibirin. Aka bar gonaki da shaguna da dabbobi, aka cunkushe a makarantu da gidajen dangi. Haruna ya dawo a ƙarshen watan, ya sake hawa dutsen ranar 30 ga Agusta tare da wasu masana, sai tururi ya fashe suna can sama, duwatsu suka yi ta zubo musu, wasunsu suka ji rauni, shi ma ya samu nasa. Duk da haka bai sauya magana ba. Cacar baki ta ɓarke a jaridu tsakaninsa da shugaban cibiyar, Claude Allègre, wanda ke goyon bayan a ci gaba da riƙe mutane nesa da dutsen. Ƙarshenta aka sauke Haruna daga muƙaminsa.

A watan Nuwamba aka tara kwamitin masana daga ƙasashe dabam-dabam. Ya bayyana cewa batun sabon gilashin kuskure ne aka yi wajen gwaji. Aka bar mutane suka koma gidajensu a ƙarshen shekarar, dutsen kuma ya lafa a 1977 ba tare da ya kashe kowa ba. A idon jama'a Haruna ya yi nasara.

Sai dai adalci ya sa in ƙara abu biyu. Na farko, binciken da aka yi daga baya ya karkata ga cewa lalle narkakken dutse ya motsa can ƙasa, amma ya tsaya a hanya bai iso sama ba. Na biyu, a 1995 wani dutse a tsibirin Monsarat, kusa da Gwadalup, ya fara da irin wannan fashewar tururi, amma shi bai tsaya nan ba, ya ci gaba har ya binne babban birnin tsibirin. Saboda haka wanda ya ce a gudu a 1976 ba wawa ba ne. Darasin da masana suka ɗauka daga Sufriyer shi ne cewa bai dace su tsaya gaban jama'ar da ke cikin tsoro suna ƙaryata juna ba. Kamata ya yi su zauna su auna hujjojinsu, su faɗa wa hukuma abin da suka tabbatar da abin da suke shakka, sannan a yanke shawara.

Bayan da François Mitterrand ya hau mulki a 1981, ya damƙa wa Haruna aikin nazarin rigakafin bala'o'i, daga 1984 zuwa 1986 kuma ya riƙe muƙamin ƙaramin minista mai kula da wannan fanni.

Masifar Tafkin Nyos

Labari na biyu ya fi kusa da mu. Tafkin Nyos yana arewa maso yammacin Kamaru, ba nisa da iyakar Nijeriya. Ramin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, zurfinsa ya kai kimanin mita 200. A daren 21 ga Agusta, 1986, wata iska ta taso daga tafkin ta bi kwaruruka ta ratsa ƙauyukan Nyos da Ca da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, ciki har da shanun Fulani makiyaya. Gidaje na tsaye, itatuwa ba su ƙone ba, mutane kawai suka kwanta ba su tashi ba. Iskar kabon dayoksaid ce, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan bi ƙasa ta kori iskar numfashi. Shekara biyu kafin nan irin wannan ta faru a tafkin Monun, duk a Kamaru, inda mutum 37 suka mutu.

Masana suka zo daga ƙasashe da yawa, har da Haruna da mutanensa. Shi ya tsaya a kan cewa dutsen da ke ƙarƙashin tafkin ne ya fashe ya turo iskar a lokaci guda, irin fashewar da ya saba gani. Yawancin sauran masanan, musamman waɗanda suka shiga kwalekwale suka ɗebo ruwa daga zurfi dabam-dabam, suka ga wani abu dabam. Ruwan ƙasan tafkin ba shi da zafin da fashewar dutse za ta bari, kuma cike yake da iskar da ta narke a ciki. Bayaninsu shi ne cewa iskar ta daɗe tana tsattsafowa daga ƙasa tana taruwa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama na danne ta, kamar kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Da wani abu ya motsa ruwan, sai ya taso, iskar ta kuɓuce gaba ɗaya. An yi taro a Yawunde a watan Maris na 1987, ra'ayi na biyu ya fi samun magoya baya, amma Haruna bai sauka daga nasa ba.

Wannan saɓani ba na fatar baki ba ne kawai, domin magani ya danganta da sanin cuta. In dutse ne ya fashe, babu abin yi sai kauce wa wurin. In kuwa iska ce ke taruwa a ruwa, to ana iya zuƙe ta. Awon da aka ci gaba da yi shekara da shekaru ya nuna cewa iskar tana sake taruwa a ƙasan tafkin. A 2001 wani ayari ƙarƙashin masanin Faransa Michel Halbwachs ya kafa dogon bututu da ke ɗago ruwan ƙasa yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011, iskar da ke cikin tafkin kuma ta ragu ƙwarai. A yau ra'ayin da Haruna ya ƙi shi ne karɓaɓɓe a wurin galibin masana. Mu ma abin ya shafe mu, domin ruwan yankin Nyos yana gangarowa cikin kogin Katsina-Ala, kuma fargabar ɓallewar bangon tafkin na cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.

A nan nake ganin iyakar hanyarsa. Idon da ya shekara kusan arba'in yana kallon wuta, da ya zo gaban ruwa sai ya sake ganin wuta. A Nyos ba hawa ɗaya ko kwana uku a bakin tafki ne suka warware matsalar ba, haƙurin auna ruwa shekara bayan shekara ne, kuma aikin mutane da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rasuwarsa

Haruna ya ci gaba da rubutu da shiga muhawara har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya riƙe shugabancin ƙaramin garin Mirmand a kudancin Faransa daga 1979 zuwa 1989. Ya rasu a birnin Faris ranar 2 ga Fabrairu, 1998, yana da shekara 83. Bai ga bututun Nyos ba. Bai kuma ga yadda Nyiragwango, dutsen da ya fi ƙauna, ya kwararo da narkakken dutse har tsakiyar Goma a 2002, ya sake yin aman wuta a 2021 ba. Ya bar littattafai masu yawa da finafinai, da kuma ɗalibai da suka ci gaba da ɗibar iska a bakin duwatsu.

Kammalawa

Bari in koma gida. Girgizar Kwoi ta 2016 ba aman wuta ba ce. Ƙaramar girgizar ƙasa ce, irin wadda kan auku idan tsagar da ke cikin tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa ta ɗan zame, kamar yadda aka sake ji a Mpape ta Abuja a 2018. Amma waɗanda suka yi zancen dutse mai aman wuta a wancan dare ba su yi nisa da tarihin ƙasarmu ba. Duwatsun Kagoro da muke hangowa daga Kafanchan suna cikin jerin duwatsun da masanin nan J. D. Falconer ya bambance a littafinsa na 1911 kan duwatsun Arewacin Nijeriya. Irin waɗannan duwatsu saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, waɗanda suka mutu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, ruwa da iska suka cinye samansu, kuma daga irinsu ne kuzar Jos ta fito. A Panyam da Kerang na Jihar Filato akwai tuddai masu rami a ka da suka fi waɗannan ƙuruciya nesa ba kusa ba, haka ma tafkin Tila da ke kusa da Biu ramin dutse ne. A Kamaru kuwa babban dutsen da ke kusa da Buya ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

To maganar wa za a ji idan ƙasa ta motsa? Abin da na koya daga rayuwar Haruna Taziyef shi ne a fara da jin wanda ya je wurin ya auna, a bar mai jita-jita. Amma ko shi a tambaye shi me ya auna, sau nawa, kuma me 'yan'uwansa masana suka samu, domin mutumin da ya yi daidai a Sufriyer shi ne ya kauce a Nyos.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban harshe. A daren da kakata ta kwana a tsakar gida, babu wanda ya iya yi mata bayanin abin da ke faruwa da harshenmu ko da Hausa, domin bayanin da ya fito daga baya da Turanci ya zo. Da na zauna rubuta wannan maƙala na sha wuya wajen neman yadda zan kira narkakken dutsen da ke cikin ƙasa da wanda ya riga ya fito, alhali masana suna da kalma dabam ga kowanne. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu na fassara da ƙirƙirar kalmomi da mu haɗa kai da 'yan sashen ilimin ƙasa, mu samar da waɗannan kalmomi tun ƙasa tana kwance lafiya. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma fa sai kunnen ya ji da harshen da ya sani.